Ranar da Na Ciyar da Sufeto da Irin Geron Baba

Ni na cinye irin geron Baba. Gaskiya ba ni kaɗai ba, sufeton makarantu ya taya ni, hedimasta ma ya sha fura kofi biyu, amma ni ne na hau rumbu na sauko da damin da hannuna. A lokacin ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina da takardar malanta, da agogo a hannu, da wani ƙamus na Turanci mai kauri da nake ɗaurewa a bayan keke duk inda za ni. Abin da ba ni da shi shi ne hankalin manomi. Tun ina ƙarami aka kai ni makarantar kwana, noma sai na hutu, shi ma rabinsa a gindin ɗorawa nake yi da littafi a hannu.

Shekarun nan ne da damina ta yi ta yaudararmu. A yi shuka ruwa ya ɗauke, a sake yi ya sake ɗaukewa. A birni sabulu da madara sai an yi layi, mu a ƙauye ko layin ba mu samu ba. Garinmu yana kusa da Shanono, gonaki manne da juna, ba ka gane iyakar wani da wani sai da layin gamba. Nan aka dawo da ni koyarwa a firamare, na zo da amaryata 'yar birni, wadda iyakar saninta da gero shi ne a mudu.

Duk da wannan hali, gidanmu ana ce masa gidan wadata. Dalili kuwa rumbun Baba ne, rumbun ƙasa mai ƙaton ciki, yana zaune a kan duwatsu a bayan gida da hular ciyawarsa, jikin katangar da ta raba mu da maƙwabta. A wajenmu rumbu sirrin maigida ne. Mata ba sa leƙawa, 'ya'ya ba sa hawa, maƙwabci ko ya ga an ɗaga hular sai ya kau da kai. Duk safiyar Juma'ar da Baba yake gida sai ya jingina tsani, ya hau, ya shige ciki, ya daɗe, sannan ya fito da dami a kafaɗa yana tari, yana ƙorafin ƙurar hatsi ta yi yawa. Ko a shekarun nan bai fasa ba. Ni kuwa da za a ba ni Alƙur'ani da na rantse akwai abincin shekara uku a ciki.

Ana cikin rani sai hedimasta ya ce sufeto zai zo ya ga yadda muke koyarwa, kuma ajina zai shiga. Na ce to, za a ga Turanci. Na zauna da ƙamus ina neman kalmar da za ta girgiza baƙo, har na faɗa kan wata, affluence. Ƙamus ya ce ma'anarta yawan dukiya, da yalwar kowane irin abu. Ya ƙara da cewa asalinta daga Latin ne, tsohon harshen Rumawa, guntaye biyu aka haɗa, ɗaya yana nufin zuwa ga, ɗaya yana nufin gudana. A da can idan ruwa ya gangaro wuri guda da yawa, ko mutane suka yi ta kwararowa, da ita ake faɗa. Daga baya ne ta koma ta masu kuɗi. Abin ya burge ni ƙwarai, na rasa wanda zan gwada wa, sai na nufi Inna.

Inna mahaifiyata ce. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunana, sai dai ta ce "kai wannan", in kuma tsokana ta motsa ta ce "Malam". Na same ta a tsakar gida tana tsinke zogale, na tsuguna na zayyana mata komai, har da cewa sunan muguwar murar nan a Turanci daga tushe ɗaya ya fito da wannan kalma.

Ta ce, "To su Turawa arzikinsu da mura uwarsu ɗaya?"

Na ce, "Ba haka ba ne, Inna. Ana nufin dukiya tana gangarowa wajen mutum kamar ruwa."

"Ikon Allah. Su zama suke yi tana zuwa ke nan." Ta watsa ganye a kwarya. "Mu dai nan wadata ita ce a ci yau, a kwana da na gobe, kuma maƙwabci bai ji motsinka ba. Matsa min daga haske, Malam."

Na tashi ina jin tausayin Inna da rashin ilimin zamani.

Kwana biyu kafin zuwan sufeto, hedimasta ya kira ni gefe. Ya ce baƙo zai ci abincin rana a gari, kuma ya duba ya ga babu gidan da ya dace sai namu. Maimakon in ce sai na tambayi manya, sai na ji kaina ya ƙara girma, na ce ai wannan ba komai ba ne. Baba yana Watari a lokacin, yana aikin tumatir da albasa a gonakin rani, sai bayan mako biyu yake leƙowa. Inna kuma ta tafi Makoda a ranar, 'yar ƙanwarta ta haihu. Gida ya rage daga ni sai amarya, da garin masara da Baba ya bari, jar masarar nan mai tuwo kamar an zuba masa manja. Na dubi garin, na tuna sufeto da motarsa, na ce ba a gidan wadata ba.

Da hantsi na jingina tsani. Ban taɓa yi ba, amma na gaya wa kaina cewa ni ne babba a gida yau. Na ɗaga hula, na zura ƙafafu ina tsammanin zan taka hatsi nan kusa. Ban taka komai ba. Na saki hannu, sai ji na yi na dira a ƙasa, rumbun ya amsa da wata ƙara kamar an bugi ganga.

Da idona ya saba da duhu, na ga abin da ke ciki. Damin dawa uku a jingine, da tsohon turmi da aka kife, wanda a kansa Baba yake takawa ya fita. Shi ke nan. Da mai hankali ne da nan ya fito ya mayar da hula, ya je ya tuƙa masararsa. Amma da na ɗaga kai sai na hango wani ɗan dami rataye a jikin wani icce da aka kafa a bangon rumbun, can sama inda ɓera ba zai kai ba. Gero ne, zangarniya dogaye masu ƙiba, kowace ta kai tsawon hannuna, an ɗaure da igiyar rama da wani jan ƙyalle. Duk jikinsa toka. Na ɗauka ƙura ce, na kakkaɓe. Na ce a raina, Allah sarki Baba, ashe ya ajiye na baƙi.

Amarya ta yaba da geron. Ta ce ko a kasuwar birni ba ta ga irinsa ba. Ba mu kira matan maƙwabta su taya mu ba, don ina jin kunyar a ga ni na hau rumbu, kuma wannan kunyar ce ta ƙarasa mu, domin da ko mace ɗaya ta gani da ta riƙe mana taɓarya. Mu biyu muka yi sussuka, ina daka da wandon makaranta, tana shiƙa rabi yana bin iska. Ta ce tunda an fara a gama gaba ɗaya a huta. Ta jiƙa, ta surfe duka, na ɗora a keke na kai inji. Kafin la'asar babu ƙwaya ɗaya da za ta iya tsirowa.

Darasi ya yi kyau, ba yabon kai ba. Na rubuta kalmar a allo da manyan baƙaƙe, na zana kogi da rafuka suna shiga cikinsa, na sa yara suka yi ta maimaitawa. Yara talatin da wani abu, rabinsu ba su karya ba, suna rera sunan dukiya da Turanci har azuzuwan gefe suna ji. Sufeto ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu a takardarsa. Da azahar muka zo gida. Tuwon gero da miyar kuɓewa busasshiya, ga fura da nono a sabuwar kwarya. Sufeto ya sha, ya lumshe ido, ya ce rabonsa da fura mai ƙanshi haka tun yana yaro. Hedimasta ya ƙara kofi. Direba ma ya samu. Abin da ya yi saura na sa aka rarraba wa maƙwabta, don a san an yi baƙo a gidanmu.

Washegari Inna ta dawo. Ko mayafi ba ta cire ba ta hango jan ƙyallen nan a kan tulin ƙaiƙayi kusa da turmi. Ta ɗauka ta juya shi. Ta dube ni.

"Kai wannan, ina ka samo wannan?"

Na faɗa mata. Ta zauna a kan turmin a hankali, ta yi salati ƙasa-ƙasa. Sannan ta yi mini darasin da ba a yi mini a makarantar kwana ba. Duk kaka, kafin a yanke gero, Baba yakan bi gona kunya-kunya shi kaɗai, yana zaɓar zangarniyar da ta fi tsawo, ta fi cika, ta kuma riga saura nuna. Su yake ɗaurewa daban, ya barbaɗa toka saboda ƙwari, ya rataye. Haka mahaifinsa ya yi, daga hannunsa ma geron ya fito. Gero ne mai saurin nuna, kuma a shekarun da ruwa ke ɗaukewa da wuri, wannan saurin shi ne bambancin mai girbi da mai tara kara.

"Ko ranar da muka kwana da ruwan kanwa bai taɓa shi ba," in ji ta. Ba ta ɗaga murya ba. Amarya ta shige ɗaki tana kuka, ni kuwa na tsaya da agogona a hannu na rasa inda zan sa fuskata.

Ranar Talata Baba ya dawo da ɗan buhun masara a bayan keke. Inna ce ta gaya masa, a ɗaki. Ya fito ya zauna a kan tabarma, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya kira ni.

"Ticha, baƙon naka ya ji daɗin furar?"

Na ce ya ji.

"To madalla. Ya ci abu mai kyau."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce ranar kasuwar Shanono zan sayo masa gero mudu nawa yake so. Ya ce, "Na kasuwa ka san gonar da ya fito? Ka shuka shi, ya yi ta tsawo yana jiran ruwan da ba zai zo ba." Ya dubi gabas. Kwana biyu ke nan hadari yana leƙowa da yamma yana komawa, mutane har sun fara gyaran sungumi, fartanyar nan mai doguwar ƙota da ake saran shuka da ita.

Hanya ɗaya ce ta rage, kowa a gidan ya sani, babu mai iya faɗa. Sai dai Baba ya roƙi iri a gari. Kuma manomin da ya roƙi iri ya gama faɗa wa duniya cewa rumbunsa ya ƙare, don babu mai cin iri sai wanda ba shi da komai. Shekara da shekaru Baba ne ake zuwa wajensa. Na ce ni zan je in faɗa, tunda ni na yi ɓarnar. Ya ce, "Rumbun naka ne?" Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce, yana ta gyaran igiyar akuya da ba ta lalace ba.

Safiyar Juma'a ya fito ya tsaya gaban tsani. Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya ɗauke shi ya kwantar a jikin katanga, ya sa babbar riga, ya nufi gindin tsamiyar ƙofar masallaci inda dattawa ke zama da hantsi. Na bi shi a baya ba tare da ya ce in zo ba.

Bayan gaisuwa ya gyara murya. Ya ce, "Jama'a, ina neman irin gero. Nawa ya ƙare. Rumbun ma dami uku ne a ciki, na dawa." Bai ambaci sunana ba, bai ce sufeto ba. Na ga yadda yake murza bakin rigarsa, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Akwai wani tsoho a wurin, taubashin Baba, ɗan ƙanwar mahaifinsa, wanda tsakaninsu wasa ne tun suna yara, kuma shi ne maƙwabcin da muke katanga ɗaya. Shi ya fara dariya, har yana riƙe ciki.

Ya ce, "Yau dai tarin ƙarya ya ƙare. Kai, tun kafin azumi nake jin dirarka a ƙasan rumbun nan. Da yana da hatsi ba a jin komai. Yanzu kuwa duk Juma'ar da kake gida sai ka tashe ni da ganga, sannan ka fito kana tari. Ran nan ma na ji wata dirar da ba taka ba, mai takalmi, na ce to, yau boko ya shiga rumbu."

Aka fashe da dariya, har liman. Baba ya ce, "To munafuki, me ya hana ka magana?"

"In ce me? Ni nawa tun bayan sallah kaza ke ƙwai a ciki. Ina dai hawa ne don kada ka raina ni."

Daga nan sai baki ya buɗe. Wannan ya ce nasa saura dami biyu, wancan ya ce shi hular kawai yake ɗagawa ya mayar. Dattawa bakwai ko takwas, kowa ya shafe watanni yana hawa tsani saboda idon ɗan'uwansa. Aka yi ta dariya, amma da muka tashi babu wanda ya ce ga iri. Ban ga laifinsu ba. Kowa abin da ya rataye daidai gonarsa ne, kuma in shukar fari ta ƙone, da shi za a sake. Muka dawo gida hannu wofi, Baba ya rasa sirrinsa bai sami komai ba. Ranar ban iya cin abinci ba.

Asabar da sassafe aka yi sallama. Matar taubashin Baba ce, da gwangwanin madara cike da gero. Ta ce maigidan ya ce a gaya wa mai tari, wannan jikan geronsa ne, na shekarar da Baba ya ba mijinta bayan gobara. Ba ta fita ba wata tsohuwa ta shigo da ƙulli a bakin zane, ta ce mijinta marigayi a wajen Baba ya karɓa. Liman ya aiko da rabin kwano. Wani daga unguwar gabas ya zo da kansa da zangarniya biyar a hannu, ya ajiye ya juya kamar wanda ya yi laifi. Haka aka yi ta shigowa har rana ta take, ba mai kawo abin da ya kai mudu. Inna ta shimfiɗa tabarma ta ajiye babbar kwarya, kowa ya zo ya juye. Ba kowa ya zo ba, kada in yi ƙarya. Mutumin da duk gari aka san yana da hatsi na gaske, gaisuwa ya aiko da addu'ar Allah ya rufa asiri.

Ina tsaye a bakin zaure ina kallon mutane suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, sai zanen da na yi a allo ya faɗo mini a rai. Na buɗe baki zan yi bayani, sai kuma Allah ya taimake ni na rufe. Inna ta lura. Ta zo wucewa da faifai ta ce, "Malam, ka je ka duba littafin naka, ko da gwangwanin madara take gangarowa." Na ce zan duba.

Geron bai kai ba. Da ruwa ya sauka, kashi biyu cikin uku na gonar muka shuka, sauran aka sa wake. Ni na riƙa binne ramuka a bayan Baba da ƙafa, ba takalmi, tafin ƙafata ya yi ƙulu-ƙulu, yaran ajina suna wucewa suna gaishe ni da Turanci. Gonar ta fito wani iri, nan dogo nan gajere, don geron ya yi shekaru a gonakin mutane ya gauraya da nasu. Ruwa ya sake ɗaukewa da wuri a shekarar. Abin da ya nuna ya nuna, muka samu na 'yan watanni.

Daga ranar ba a ƙara ce wa gidanmu gidan wadata ba. Yara ma sai suka koma cewa gidan furar sufeto. Baba bai taɓa nuna ya damu ba, amma na san ya damu, don ya daina tari a rumbu, kuma ranar Juma'a yakan shiga ya fito da sauri kamar mai ɗauko abu a ɗakin wani. Ni na jawo masa wannan, kuma har yau in na tuna sai na ji nauyi a ƙirjina.

Da kaka ta yi, kwana biyu kafin a yanke gero, ya tashe ni da safe ya miƙo mini wuƙa. Muka bi gona kunya-kunya. Yana kama zangarniya ya auna da hannunsa, ya murza ƙwayar da babban yatsa, ya ce wannan ta gidanmu ce, wannan baƙuwa ce. Na yanko wata ƙatuwa ina murna, ya ce in yar, ta makara wajen nuna. Sai da rana ta yi tsaka muka haɗa ɗan abin da bai kai rabin na da ba. Ya barbaɗa toka, ya ɗaure da igiyar rama, ya zaro jan ƙyallen nan daga aljihu, ashe ya adana shi. Sannan ya jingina tsani, ya miƙo mini damin, ya ce in hau in rataye da kaina.

Ina kan tsani ya riƙe ƙafarsa da hannu biyu, ya ɗago kai ya dube ni.

"Ticha, ka ga inda yake. Ko gwamna ne ya zo, ka tuƙa masa masara."